Lambun Cikin Gida: Fangali Mai Bango Don Ƙasar Gumel

'Yan'uwa manoma, daga watan Nuwamba har faɗuwar ruwa a watan Yuni, miyar yawancin gidajenmu ba ta wuce kuka da busasshiyar kuɓewa. Ɗanyen ganye da tumatir sai wanda aka ɗauko a mota daga fadamun Haɗeja ko Kazaure ko Kadawa. Kafin ya iso Gumel ko Maigatari ya yi yaushi, kuɗinsa kuma ya hau. Ba mu raina kuka ba, abinci ce mai kyau, amma ita kaɗai ba ta isa ba. Yaron da ya daɗe bai ci ganye da kayan lambu ba yakan kamu da dundumi, watau rashin gani da magariba, ciwo kuma yakan kayar da shi da wuri. Mace mai ciki ko mai goyo takan yi ƙarancin jini. Alayyafo da zogale da karas suna da bitamin A mai kare ido, ganyaye kuma suna taimakon jiki wajen yin jini.

Saboda haka ƙungiyoyinmu na gama kai da dama sun tambaye mu a kan wani irin lambu da suke gani a littattafai da cikin waya, inda ake tara ƙasa ta yi tudu, ko a kewaye ta da katako, a shuka ganye a kai. Tambayarsu ita ce, zai yi a nan? Zai yi, amma sai an gyara shi ya dace da ƙasarmu da ruwanmu. Wanda ya kwaikwaye shi yadda ya gan shi zai ƙarar da ruwansa, ganyen kuma ya bushe.

Me ya sa wasu ke ɗaga ƙasa?

A Ingila da arewacin Amurka, har ma da kudancin Nijeriya, ruwa ne ya yi musu yawa. In ya kwanta a gindin shuka sai saiwa ta ruɓe. Don haka suke ɗaga ƙasa, ruwa ya tsiyaye. A ƙasashen sanyi kuma, ƙasar da aka ɗaga takan yi ɗumi da wuri. Watau dabara ce ta korar ruwa.

Namu ya sha bamban. Ƙasar Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar jigawa ce, yawancinta rairayi. Daga irin wannan ƙasa ce jiharmu ta samo sunanta sa'ad da aka cire ta daga Jihar Kano a 1991. Ruwan saman da muke samu a shekara wajen milimita 500 zuwa 700 ne, cikin wata 3 zuwa 4. Ba mu da kogi mai gudana da rani, rijiyoyinmu kuwa masu zurfi ne. In aka tara rairayi ya yi tudu ba tare da bango ba, rana da iskar hunturu za su shanye shi ta sama da ta gefe huɗu. Ruwan da aka zuba kuma ya gangare ƙasa ya bar saiwa.

Masu lambu a kwarin Haɗeja sun san wannan tun kaka da kakanni. Fangalinsu na rani mai kwari ne, da kunya kewaye da shi, domin ruwa ya tsaya ya nutse. 'Yan'uwanmu Hausawan Illela ta jihar Tawa a Nijar ma haka suke yi a gona. Suna haƙa ƙananan ramuka da suke kira tassa, su zuba taki, su shuka gero a ciki. Sun inganta dabarar ce bayan wasu manomansu sun je Yatenga ta Burkina Faso a 1989 sun ga yadda ake yi. Da ita suka rayar da fakon da aka riga aka fid da rai a kansa.

To, in haka ne, me zai sa mu ɗaga ƙasa a cikin gida? Akwai dalili 3. Na ɗaya, da damina ruwa yakan kwanta a tsakar gida, balle a shekara irin 2022 da ambaliya ta yi ɓarna ƙwarai a Jigawa. Fangali mai kwari a irin wannan lokaci yakan zama kududdufi. Na biyu, ƙasar tsakar gida ta sha taku, ta daddale kamar daɓe, sau da yawa kuma ruwan wanki ya ɓata ta. Na uku, takinmu kaɗan ne, in aka killace shi wuri ɗaya ba ya watsewa.

Abin da muke ba da shawara shi ne a haɗa dabarun biyu. A gina gajeren bango, a cika shi da ƙasa mai kyau, amma kada ta kai baki. Daga waje tudu ne, ruwan damina ba ya hawa. Daga ciki kwari ne, ruwan da aka zuba ba ya gudu. Shi muke kira fangali mai bango.

A fara da lissafin ruwa

Kafin a aza tubali ko ɗaya, a san yawan ruwan da gida zai iya bayarwa kowace rana. Ga lissafin. Fili mai faɗin mita 1 da tsawon mita 1 yana shan kamar lita 5 a rana lokacin sanyi. Da bazara, watau Maris zuwa Mayu, yakan kai lita 8. Fangali mai faɗin mita 1 da tsawon mita 3 zai sha lita 15 da sanyi, lita 24 da zafi. A taƙaice, jarka ɗaya irin ta 'yan garuwa mai lita 25 kowace rana, ba fashi.

Gidan da zai iya ware jarka ɗaya ya yi fangali ɗaya. Wanda ya yi 3 da ruwan ɗaya, duka ukun za su mutu a watan Afrilu. Maigida da uwargida su zauna su yi wannan lissafi tare, gama yawanci mata da yara ne ke jan ruwa, su ne kuma za su yi ban ruwa.

Ba dole sai sabon ruwa ba. Ruwan wanke shinkafa da wake da ganye, da ruwan ɗauraye kwanuka marar mai, da ragowar ruwan randa, duka suna yi. A ajiye bokiti ɗaya kusa da madafa a riƙa tarawa, a yi amfani da shi a ranar. Ruwan omo da na gishiri da na kanwa kada su shiga fangali, gama suna kashe ƙasa sannu a hankali. Ruwan wanka a juya shi gindin zogale ko wani itace. Ruwan wankin kashin yara kuwa kada ya kusanci abin da za a ci.

Zaɓen wuri

A nemi inda rana ke bugawa daga safe zuwa azahar, inuwar ɗaki ko katanga ta rufe shi da yamma. Ganye yana bukatar rana ta kamar awa 6. A yi nesa da masai da makwarara. A yi nesa da gindin darbejiya, wadda wasunmu ke ce wa maina, gama saiwarta takan bi danshi ta shiga fangali ta shanye ruwan. A kafa zana ko dangar kara ta arewa maso gabas, inda iskar hunturu ke fitowa. Shinge kuwa wajibi ne, a kuma yi shi kafin shuka. Akuya ɗaya tana cinye aikin wata biyu kafin a gama tuƙa tuwo, kaji kuma su tone abin da ta rage.

Yadda ake ginawa

1. A auna faɗi kamu 2, watau mita 1, tsawo kamu 6, watau mita 3. Kada faɗin ya wuce haka, domin hannu ya kai tsakiya ba sai an taka ba. Ƙasar da ake takawa takan daddale.

2. A haƙa zurfin taƙi ɗaya, wajen santimita 20. A sassare gindin ramin da sangwami ko diga, domin saiwa da ruwa su sami hanya.

3. A gina bango a bakin ramin, tsayin santimita 30, da tubalin ƙasa, a yaɓe shi ciki da waje. Mai hali ya sa bulon siminti. Katako ba ya yi a nan, gara za ta cinye shi kafin shekara. A jingina tsofaffin buhuna a jikin bangon daga ciki don kada danshi ya ci shi, amma kada a shimfiɗa leda a gindi.

4. A bar kafa 2 a gindin bangon daidai da fuskar tsakar gida. Da rani a toshe su da laka, da damina a buɗe.

5. A haɗa ƙasa: baro 10 na ƙasar saman gona, baro 5 na ruɓaɓɓen taki, baro 5 na busasshiyar lakar tafki ko ƙasar tsohon suri da aka farfasa ta yi laushi. Rairayi yana ba saiwa iska, laka tana riƙe ruwa, taki yana ciyar da shuka yana kuma riƙe danshi. A ƙara toka kamar tafi 4, kada a wuce. In akwai garin gawayi a cakuɗa shi da takin, shi ma yana riƙe ruwa.

6. A cika fangalin, a bar faɗin yatsu 4 tsakanin ƙasa da bakin bango. A baje fuskar ta yi daidai, don kada ruwa ya taru gefe ɗaya.

7. A jiƙa shi sosai, a bar shi kwana 7. Ƙasa za ta zauna, ciyawa ta tsiro a cire ta, sa'an nan a yi shuka.

Wanda yake gidan haya, ko ba shi da fili, ya cika buhu da wannan haɗin ƙasa, ya huda gindinsa, ya jingina shi a bango. Buhu ɗaya yana ɗaukar barkono ko tumatir gindi 2.

Maganar taki

A nan ne mutane da yawa ke yin asara. Ɗanyen kashin dabba yana ƙone saiwa, yana kawo irin ciyawa, yana jawo gara, yana kuma ɗauke da ƙwayoyin cuta masu sa gudawa. Sai wanda ya ruɓe. A haƙa rami a inuwa, a zuba kashin awaki ko na shanu, a bi shi da shara da ganye da ƙaiƙayi, a yayyafa ruwa, a sake jerawa haka har ya cika, a rufe da kara. A juya shi kowane mako 2, a ƙara ruwa in ya bushe. Cikin wata 2 zuwa 3 ya nuna. Alamarsa: ya yi baƙi, yana marmashewa a hannu, ba zafi a cikinsa, yana ƙanshin ƙasar da ruwa ya taɓa. Kashin kaji ya fi ƙarfi, a sa shi kaɗan. In daga juji za a ɗebo, a tankaɗe shi a fid da leda da kwalba da tsohon batir, gama batir guba ne.

Bayan kowane girbi a ƙara baro ɗaya na taki a bisa fangalin, a cakuɗa da fartanya sama-sama.

Dabarun rage shan ruwa

Ta farko ita ce rufe ƙasa. Da zarar tsiro ya yi tsawon yatsa, a shimfiɗa ƙaiƙayi ko ɓawon gyaɗa ko busasshiyar ciyawa kaurin yatsu 2 tsakanin layuka. Gara za ta ci, a ƙara wani. Ba ta cika taɓa shuka mai lafiya da ke samun ruwa ba.

Ta biyu ita ce tulu. A sami tulun ƙasa wanda ba a shafa masa siminti ko fenti ba, irin mai naso. A binne shi cikin fangali har wuya, a cika shi da ruwa, a rufe bakinsa saboda sauro. Ruwan zai riƙa tsatsafowa kaɗan-kaɗan daidai inda saiwa take, rana ba ta sha. Tulu ɗaya yana jiƙa kamar kamu ɗaya kewaye da shi, don haka fangalin mita 3 yana son tulu 2 ko 3. Tsohuwar dabara ce da manoman Sin da na arewacin Afirka suka daɗe da sani. Ta fi dacewa da tumatir da barkono da gauta. Irin da aka shuka yanzu, sai an riƙa yayyafa masa ruwa ta sama har ya yi saiwa.

Ta uku, a yi ban ruwa da sassafe ko da yamma lis, a gindi, a hankali. Gwangwanin da aka hudhuda da ƙusa ya isa. Kafin a zuba a soka yatsa: in akwai danshi a gaɓa ta biyu, a jira. Da bazara a kafa 'yar rumfar kara mai tsefe-tsefe a bisa fangalin, ta rage zafin tsakar rana.

Me za a shuka, kuma yaushe?

Oktoba zuwa Nuwamba lokacin kayan sanyi ne: tumatir, albasa, karas, latas, kabeji da tafarnuwa. Kada a makara da tumatir. In zafi ya haura digiri 35, dare kuma ba ya sanyi, furensa yakan zube ba ya 'ya'ya. Shi ya sa wanda ya dasa a Fabrairu yakan sami ganye kawai. A rena tumatir da barkono a tsohon kwano, a dasa da yamma bayan mako 4 zuwa 5, tazarar kamu ɗaya. Albasa tazarar yatsu 5. Karas ba a dasa shi, a shuka a layi a rage.

Maris zuwa Mayu sai masu jure zafi: alayyafo, lalo, yakuwa, rama da kuɓewa. Da damina ma su ne, a ƙara da gauta da barkono, a tuna a buɗe kafofin bango.

Mai fangali ɗaya ya ba alayyafo rabi. Shi ya fi saurin biya, mako 3 zuwa 4 an fara ci, sai dai yakan yi nawa cikin tsananin sanyi. Irinsa ƙanana ne, a cakuɗa cokali ɗaya da tafin rairayi a barbaɗa a layi. Kada a shuka duka rana ɗaya. A raba wurin kashi 3, a shuka kashi ɗaya kowane mako 2, ta haka miya ba za ta yanke ba. In ana yanka shi a bar taƙi ɗaya, zai sake toho.

Kayan ƙanshi su zauna a kusurwa. Ɗoɗɗoya gindi 2 ta ishi gida, a riƙa tsinke kanta don kada ta yi fure da wuri. Albasar da ta tsira a madafa a dasa ta, a sami lawashi. Na'a-na'a tana yaɗo ta cinye wuri, a ba ta fasasshiyar tukunya ita kaɗai a inuwa. Zogale a shuka shi a wajen fangali, jikin shinge, a riƙa sare shi daidai ƙugu domin ya yi rassa da ganye inda hannu zai kai. Kabewa da kankana a bar wa gona, gama za su mamaye wurin.

Ƙwari da cuta

Tumatir da tattasai da attarugu da gauta dangi ɗaya ne, cutarsu ɗaya. Kada a maimaita su wuri ɗaya a jere. Rairayi yana da wata 'yar tsutsa da ido ba ya gani, mai shiga saiwa. Alamarta: shuka tana yaushi ko da an ba ta ruwa, in an tuge sai a ga saiwa ta yi ƙulle-ƙulle. Tana kama kuɓewa ma. A tuge a ƙone, a bi wurin da albasa ko tafarnuwa, a ƙara taki.

Akwai kuma tsutsar tumatir da manoma ke kira sharon, wadda ta cinye gonakin tumatir a Kano da Jigawa da Kaduna da Katsina a 2016. Tana shiga cikin ganye ta bar farin tabo. A ƙaramin fangali ido ne magani. A duba bayan ganye kowace safiya, a tsinke wanda ya kamu a binne ko a ƙone.

Don ƙwari masu tsotso da masu cin ganye, a daka 'ya'yan darbejiya da aka ɓare rabin kilo, a jiƙa cikin ruwa lita 10 su kwana, a tace, a yayyafa da yamma, a maimaita bayan mako ɗaya. Maganin feshin wake da fiya-fiya kada su taɓa ganyen miya. Ganyen da ake tsinka kullum ba shi da kwanakin jira, gubar za ta tafi kai tsaye cikin tukunya. Ƙadangaru da tsuntsaye kuwa, a rufe tsiro da tsohon gidan sauro da ya yage, ban da wanda yara ke kwana ciki. Latas da karas da duk abin da ake ci ɗanye, a wanke shi da ruwa mai tsabta.

Abin da ƙungiya za ta yi

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Buga tubali da ɗauko laka aikin gayya ne: gida 10 in suka haɗu, sai a bi su ɗaya bayan ɗaya. Ƙungiyar da ke kusa da Maigatari tana iya neman izini ta kwashe taki da amalanke a karar dabbobi bayan kasuwar Alhamis, ta ruɓar da shi a rami ɗaya, a raba. Ƙunshin irin tumatir ko kabeji ɗaya ya fi ƙarfin gida guda, sai a saya tare, mutum ɗaya ya rena, kowa ya ɗebi dashe. Alayyafo da kuɓewa da yakuwa da lalo, a bar gindi mafi kyau ya ƙosa a ajiye iri cikin kwalba da 'yar toka. Irin kanti da aka rubuta wa F1 ba a ajiye 'ya'yansa, gama ba sa fitowa kamar uwar. In ganye ya yi yawa a shanya shi a inuwa, rana tana rage masa amfani. In wata cuta ta gagara, a tuge shukar da saiwarta a kai wa malamin gona na JARDA ya gani.

Muna roƙon kowane sakataren ƙungiya ya buɗe shafi a littafinsa: sunan gida, ranar shuka, jarka nawa a rana, da sau nawa aka yi miya daga fangalin a mako. Da wannan lissafi ne za mu san a ƙarshen rani ko fangali na biyu zai yiwu, da kuma irin da ya fi karɓar ƙasar kowane gari.

Mai son ya ci tumatir ɗinsa a watan Fabrairu, a watan Agusta zai haƙa ramin taki, tun akwai ruwa da ɗanyar ciyawa. Tubali da shinge a Oktoba, da zarar an sare kara. Kafin nan, a sa bokiti kusa da madafa, a auna ruwan da gida ke zubarwa har kwana 7, a kawo lissafin taron ƙungiya mai zuwa.